Daga Kyandir Zuwa Taurari: Wasu Littattafan Kimiyya da Suka Cancanci Karatu

Ba kasafai akan ga malamin adabi ya ɗauki alƙalami yana tallan littattafan kimiyya ba, balle a cikin mujalla irin wannan wadda aka keɓe domin waƙa da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo. Saboda haka ba za mu yi mamaki ba idan mai karatu ya dubi kan wannan maƙala ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Amsarmu ita ce harshe ne ya haɗa su. Duk abin da masani ya gano a ɗakin gwaji, ko ya hango da madubin duba taurari, ba ya isa kunnen manomi da mai jego da ɗan kasuwa sai ta bakin wanda ya iya magana. Mu kuwa a wannan sashe magana ce sana'armu, ita muke koya, ita muke koyarwa.

Rabuwar takan fara ne tun daga ajin farko na babbar sakandare, inda akan kasa yara kashi-kashi, a ce waɗannan 'yan sayans ne, waɗancan 'yan at. Daga ranar nan wanda aka jefa ajin adabi yakan yi sallama da duk wani abu mai ƙanshin lissafi, har ma ya riƙa alfahari da haka, shi kuma na ajin kimiyya ya ɗauki karatun labari a matsayin aikin marasa aikin yi. Ciwon ba namu ne mu kaɗai ba. A 1959 wani Bature mai suna C. P. Snow, wanda masanin kimiyya ne kuma marubucin ƙagaggun labarai, ya gabatar da lacca a Jami'ar Kambirij yana kukan cewa masana adabi da masana kimiyya na ƙasarsa sun zama kamar al'ummu biyu da ba sa jin harshen juna. To, amma a Ingila akwai jaridu da littattafai masu cike wannan giɓi da harshen da kowa ke ji. A wurinmu giɓin a buɗe yake. Ɗalibin wannan sashe idan ya yi doguwar tafiya ya koma gida hutu, sunansa ɗan jami'a, ba wanda zai tambaye shi ko nahawu yake karantawa ko likitanci. Shi za a tare a zaure a ce ya yi bayanin allurar da ake yi wa yara, ko dalilin da ya sa wata ya yi ja jiya da dare, ko ingancin maganin da aka zuba a buhun wake. Gobe kuma shi ne malamin aji, shi ne mai fassara labarai a gidan rediyo. Idan ya rasa abin faɗa, mai jita-jita yana nan kusa, kuma shi ba ya taɓa rasa amsa.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu gabatar wa ɗalibai da abokan aiki wasu littattafai da muka karanta muka amfana, waɗanda aka rubuta domin mutanen da ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Ma'aunin da muka auna su da shi abu biyu ne. Na farko, littafin ya tashi daga abin da mai karatu ya riga ya sani. Na biyu, ya nuna masa hanyar da aka bi aka gano abin, kada ya tsaya ga cewa masana sun ce.

Bari mu fara da mafi tsufa kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu. Michael Faraday ɗan maƙeri ne, an haife shi a 1791 a gefen birnin Landan, kuma abin da ya samu a makaranta bai wuce koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon sana'a wurin mai ɗinkin littattafai, ya shekara bakwai yana yi wa littattafan mutane bango, yana kuma karanta su kafin masu su su zo karɓa. Cikin abin da ya faɗo hannunsa har da wani littafin ilmin sinadarai da wata mata mai suna Jane Marcet ta rubuta cikin sigar hira tsakanin malama da ɗalibanta biyu mata. Littafin nan yana cikin abubuwan da suka karkata zuciyarsa zuwa ga kimiyya. A 1831 ya gano cewa idan aka motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya, wutar lantarki takan gudana a cikin wayar. A kan wannan ƙa'ida injinan madatsar ruwa ta Kainji suke aiki, haka ma ƙaramin janaretan da ke ƙara a bayan shagon mai aski.

Da ya shahara bai manta da hanyar da ya biyo ba. Laccoci shida da ya yi wa yara a Landan lokacin hutun Kirsimeti su ne aka tattara aka buga a 1861 da sunan The Chemical History of a Candle, wato tarihin kyandir ta fuskar sinadarai. Littafin duka a kan kyandir ɗaya yake. Yana nuna wa yaran cewa iskar da ke tasowa ta gefen kyandir ita ke sanyaya bakinsa, shi ya sa yake zama kamar ɗan ƙoƙo mai riƙe narkakken kaki. Lagwani kuma yana jan kakin sama kamar yadda tsumma ke jan ruwa idan bakinsa ya taɓa kwano. Abin da ke ci da wuta tururin kakin ne, kuma hujjar tana da sauƙi: ka hure kyandir, ka yi maza ka kai ashana mai wuta cikin farin hayaƙin da ke tashi, sai ka ga wutar ta bi hayaƙin ta koma kan lagwani. Daga nan yake hawa mataki-mataki har ya kai yaran ga sanin cewa kyandir mai ci yana fitar da ruwa, yana kuma fitar da irin iskar da ke fita daga hancinmu, domin numfashi ma wani irin ƙonewa ne a hankali cikin jiki. Duk wanda ya taɓa karatu da aci-balbal ko fitilar ƙwai ya riga ya san rabin littafin nan. Abin lura ga marubuci shi ne, sau da yawa Faraday sai ya gama nuna abu sa'an nan ya faɗi sunansa. Masu cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar kimiyya ba don ƙarancin kalmomi, ya kamata su dubi wannan salo da kyau.

Daga kyandir sai mu ɗaga kai sama. Littafin Carl Sagan mai suna Cosmos, wato sararin samaniya da abin da ke cikinsa, ya fito a 1980 tare da wani shirin talabijin mai kashi 13. Ya ratsa labarin taurari da duniyoyi da tarihin masu bincikensu, amma labarin da ya fi zama a ranmu a nahiyarmu ya faru, kuma da sanda da inuwa aka yi shi. Fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shugaban ɗakin karatu na Iskandariyya, Eratostenis, ya sami labarin cewa a garin da yau ake kira Aswan, a kudancin Masar, akwai wata rana a shekara da in rana ta take tsaka sanda ba ta yin inuwa, har akan ga hasken rana a ƙasan rijiya. Ya kafa tasa sandar a Iskandariyya a irin wannan rana, sai ya ga ta yi inuwa. Ya ce da ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, da sandunan biyu sun yi daidai. Ya auna karkatar inuwar ya sami kimanin digiri 7, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Tsakanin garuruwan biyu kuwa, idan aka mayar da awonsa irin na yau kamar yadda Sagan ya yi, akwai kimanin kilomita 800. Sau 50 ke nan ya ba da kilomita 40,000, wanda ya yi kusa ƙwarai da kewayen duniya kamar yadda aka auna shi a zamaninmu.

Bahaushe ba baƙon inuwa ba ne, da ita kakanninmu suke gane shigar Azahar da La'asar tun kafin agogo ya zo. Bugu da ƙari, saboda wurin da Nijeriya take a doron duniya, kowane gari a ƙasar nan yana da rana biyu a shekara da inuwar sanda ke ɓacewa da tsakar rana: a Ikko wajen farkon Afrilu da farkon Satumba, a Kano wajen ƙarshen Afrilu da cikin Agusta. Ɗalibai biyu, ɗaya a Ikko ɗaya a Birnin Kebbi, garuruwan da suke kusan kudu da arewa da juna, za su iya maimaita awon nan a hutu ɗaya da sanda biyu da wayar hannu.

Wanda ya ji daɗin wannan labari zai so ya san inda ilmin ya bi bayan Girkawa. Amsar tana cikin Pathfinders, wato masu share hanya, wanda Jim Al-Khalili ya wallafa a 2010. Marubucin haifaffen Bagadaza ne, masanin kimiyya a Ingila. Ya ba da labarin zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, lokacin da aka duƙufa wajen fassara littattafan Girkawa da Farisawa da Indiyawa zuwa Larabci. A nan mai karatu zai sadu da Alhawarizmi, wanda daga sunan littafinsa aka sami kalmar aljabara, da kuma Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, wanda ya tabbatar ta hanyar gwaji cewa haske ne ke tasowa daga abubuwa ya shiga ido, saɓanin masu cewa ido ne ke jefa haske. Abin da ya burge mu shi ne littafin bai zama kirari ba, domin ya tsaya ya auna dalilan da suka sa wannan fitila ta dusashe. Ɗalibin fassara kuma zai ga cewa masu fassara ne suka aza harsashin wannan gini. Reshen wannan ilmi ya iso ƙasarmu. Malam Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan ƙa'idojin tsara lambobi cikin hatimi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, abin da masana tarihin lissafi suke ambato har yau. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya bar rubuce-rubuce a kan magunguna.

Kada a ɗauka littattafan nan duka yabon kimiyya ne. Biyu daga cikin waɗanda muka fi so mai karatu ya nema suna magana ne a kan ɓarnar da akan yi da sunanta. Rachel Carson masaniyar halittun teku ce a Amurka. A 1962 ta fitar da Silent Spring, wato bazarar da ba a jin kukan tsuntsaye, a kan magungunan ƙwari irin su DDT da ake fesawa ba ƙaƙƙautawa a lokacin. Ta bi sawun guba daga mataki zuwa mataki. An fesa wa itatuwa magani don a kashe ƙwaron da ke yaɗa musu cuta, ganye ya zubo da maganin a jikinsa, tana ta ci ruɓaɓɓen ganyen, tsuntsu ya ci tana, tsuntsu ya mutu. Irin wannan guba ba ta saurin lalacewa, taruwa take yi a kitsen jiki, tana ƙara yawa daga mai ci zuwa mai cin mai ci. Ta kuma yi gargaɗin cewa yawan feshi yana haifar da ƙwarin da magani ba ya ji. Masu sarrafa magungunan sun yi mata ca, ita kuwa tana fama da ciwon daji wanda ya zama ajalinta a 1964. A 1972 Amurka ta hana amfani da DDT a gonaki. Carson ba ta ce a daina maganin ƙwari baki ɗaya ba, cewa ta yi a san abin da ake fesawa da inda yake ƙarewa, kuma yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 2001 ta bar ƙofar amfani da DDT domin yaƙi da sauron cizon zazzaɓi. Wanda ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, zai tambayi kansa: waken da Turawa suka ƙi, wa ya ci irinsa a gida?

Na biyun shi ne The Immortal Life of Henrietta Lacks, wato rayuwar Henrietta Lacks da ta ƙi ƙarewa, wanda Rebecca Skloot ta wallafa a 2010 bayan binciken kimanin shekara goma. Henrietta baƙar fata ce, 'yar manoman taba, uwar 'ya'ya biyar, ta rasu a 1951 tana da shekara 31 sakamakon ciwon dajin bakin mahaifa a wani asibiti da ke Baltimo. Kafin rasuwarta likitoci sun yanki ɗan tsokar ciwon ba tare da saninta ba. Ƙwayoyin halittar mutane da aka gwada rainonsu a kwalba kafin nan mutuwa suke yi, amma nata suka ci gaba da ninkuwa, kuma suna nan da rai a ɗakunan gwaji na duniya har yau. Da su aka yi aikin gwajin rigakafin shan inna na farko a shekarun 1950. Iyalinta kuwa ba su san da zancen ba sai bayan fiye da shekara 20, suna cikin talauci, wasunsu ko kuɗin asibiti ba su da shi. Skloot ta riƙe gaskiya biyu a hannu ɗaya: an ceci rayuka masu yawa, an kuma ci amanar mace ɗaya da zuriyarta.

Wanda ya san tarihin Kano na kusa ba zai karanta wannan da sanyin zuciya ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. A 2003 kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa bisa zargin cewa yana hana haihuwa, a Kano har zuwa tsakiyar 2004. Cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka ƙasashe da dama har Yaman da Indunusiya, kuma sai a Agustan 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka. Zargin hana haihuwa ba gaskiya ba ne, amma tsoron da ya ba shi wurin zama yana da tushe. Abin da jama'a suke buƙata a lokacin shi ne wanda zai tsaya da Hausa mai kyau ya rarrabe musu abu biyun nan, ya amsa cewa an taɓa yin ba daidai ba, ya kuma bayyana yadda ɗigon rigakafi ke koya wa jiki gane cuta kafin ta zo. Akwai yaran da suke jan gindi a yau waɗanda da sun taka da ƙafafunsu.

Ga abokanmu masu cewa duk wannan ba adabi ba ne, muna miƙa musu Primo Levi. Bayahuden Italiya ne, masanin sinadarai, wanda ya tsira daga sansanin Aushwiz na 'yan Nazi, ya koma garinsu Turin ya yi shekaru yana aiki a masana'antar fenti. Littafinsa The Periodic Table, wato jadawalin sinadarai, ya fito da Italiyanci a 1975. Babi 21 ne, kowanne da sunan wani sinadari, kuma halin sinadarin shi ne mabuɗin labarin. A wani babi ya ba da labarin yadda shi da abokinsa suka riƙa fafe wani ƙarfe da ya sato daga ɗakin gwajin sansanin, suna yin duwatsun ƙyastu suna musanya su da gurasa, abin da ya ja kwanansu. A babi na ƙarshe ya ɗauki ƙwayar zarra ɗaya ta sinadarin gawayi ya mayar da ita tauraruwar labari: ta fito daga dutse, ta bi iska, ta shiga ganye, ta ratsa jikin halittu, har ta iso ƙwaƙwalwar marubucin a daidai lokacin da yake ɗiga aya ta ƙarshe. A 2006 wata tsohuwar cibiyar kimiyya ta Landan, wadda a cikinta Faraday ya yi laccocinsa, ta zaɓe shi a matsayin littafin kimiyya mafi kyau da aka taɓa rubutawa. Mai nazarin jigo da zubi da tsari zai sami aikin digiri sukutum a cikinsa.

Ta fuskar ƙere-ƙere kuwa, babu wanda muke so ɗalibanmu su fara da shi kamar The Boy Who Harnessed the Wind, wato yaron da ya sa wa iska linzami, na William Kamkwamba da Bryan Mealer, wanda ya fito a 2009. Kamkwamba ɗan manomi ne a wani ƙauye kusa da Kasungu a ƙasar Malawi. Yunwar 2001 zuwa 2002 ta cinye abin hannun mahaifinsa, aka kore shi daga sakandare don rashin kuɗin makaranta. Sai ya lazimci wani ɗan ƙaramin ɗakin karatu na firamaren garinsu, inda ya ga hoton injin iska a bangon wani littafi. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, da zane-zanen littafin ya riƙa gane abin da ake nufi. Ya tsinto fankar tarakta a juji, ya gasa bututun roba ya baje shi ya yi fukafukai, ya haɗa da gangar jikin keken mahaifinsa da dinamon fitilar keke, ya ɗora a kan hasumiyar itacen turare. Mutanen gari suna ce masa mahaukaci har ranar da ƙwan lantarki ya kama a hannunsa. Shekarunsa 14 a lokacin da ya fara aikin. Dinamon nan kuwa, maganaɗisu ne ke juyawa kusa da naɗin waya, wato ƙa'idar da Faraday ya gano a 1831. Littafi ya tayar da ɗan maƙeri a Landan, bayan kusan shekara 200 wani littafin ya kai aikinsa hannun ɗan manomi a Malawi. Duka biyun ba su da malami a lokacin sai takarda.

Akwai gargaɗi biyu da ya wajaba mu yi. Na farko, littafin kimiyya yana tsufa ta yadda waƙa ba ta tsufa. Lokacin da Sagan ya rubuta Cosmos ba a tabbatar da ko duniya ɗaya mai kewaya wani tauraro ban da ranarmu ba, amma zuwa 2022 an ƙirga fiye da 5,000. Shahararren littafin Stephen Hawking, A Brief History of Time, wato taƙaitaccen tarihin zamani, ya fito a 1988, shekara goma kafin a gano cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi. Saboda haka a riƙa duba shekarar bugu. Shi wannan na Hawking ma ba mu ba da shawarar a fara da shi ba, domin ko da yake lissafi ɗaya tak ya saka a ciki, tudunsa yana da wuyar hawa ga sabon shiga. Na biyu, wasu daga cikin marubutan nan suna da ra'ayoyi game da addini da asalin halitta waɗanda suka saɓa wa abin da muka yi imani da shi. Wannan bai zama dalilin guje musu ba. Ɗalibin da aka koya wa rarrabe muryar mawallafi da ta tauraron labari ya isa ya gane inda awo ya ƙare da inda ra'ayin mai awon ya fara.

Wani zai ce duk littattafan nan da Turanci za a same su, ina amfaninsu ga Hausa? Amfanin shi ne a koyi sana'ar a kawo ta gida, kuma an taɓa yi. A tsakiyar ƙarni na 20 Rupert East da Alhaji Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah, labarin halittu iri-iri na cikin duniya, da Hausar da ɗan firamare ke ji. Sunan littafin kaɗai darasi ne, domin ya ajiye binciken halitta a inda zuciyar Bahaushe ta riga ta ajiye shi. A 1969, shekarar da mutum ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya. Hanyar a share take, masu bin ta ne suka yi ƙaranci idan aka kwatanta da yawan littattafan soyayya da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1980.

Kayan aikin kuma suna nan a tsakar gida. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Saboda jikin randa yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa ya bushe, yana tafiya da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Da wannan sani ne marigayi Malam Muhammad Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya suka riƙa daɗewa ba su lalace ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Labarinsa ya cancanci littafi irin na Kamkwamba, da Hausa. Me ya sa zane yake fitowa daga karofin Ƙofar Mata da launin kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi? Me kanwa take yi wa wake? Yaya manomi yake karanta Kaza da 'Ya'yanta a sama ya san inda shekara ta kai? Kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan kyandir ce mai jiran nata Faraday.

Abin da muke roƙo ga ɗalibai kaɗan ne. Kowa ya nemi ɗaya daga cikin littattafan nan kafin ƙarshen zango. Na Faraday kyauta ake samunsa a intanet saboda tsufansa, sauran kuma a tambayi ɗakin karatu da masu sayar da tsofaffin littattafai, a riƙa ara wa juna. Bayan an karanta, a zaɓi abu ɗaya da aka gane sosai a rubuta shi da Hausa cikin shafi biyu. A kai wa wani abokin karatu na tsangayar kimiyya ya duba ko an yi kuskure, sa'an nan a karanta wa wata tsohuwa a gida a ga ko ta gane. Abin da ya tsallake waɗannan alƙalai biyu ya isa a kawo shi ga editocin wannan mujalla, kuma muna fatan za su ba shi wuri kusa da waƙoƙi da labarai a fitowa ta gaba. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya ba mu harshen isar da shi, amin.